Gogen da Ya Biyo Mu Manchester

Wata Asabar ce, 'yan kwanaki bayan ƙaramar sallah, a sanyin farko da ya same mu a Manchester. Ina 'yar shekara takwas a lokacin. Ni da ƙanena Sadiku muna zaune a kan kafet ɗin falo, mun lulluɓa da bargo ɗaya muna kallon wasan yara a talabijin, Umma kuma tana kicin tana soya albasa. Sai aka yanke wasan aka sa talla. Wani baƙin kasko ne ya bayyana, wuta na lasar gindinsa, hannun wani mutum da ba a nuna fuskarsa ba ya tuntsura wata jar kwalba a ciki, hayaƙi ya turnuƙe. Ba hoton ne ya tayar mini da tsigar jiki ba, kiɗan ne. Wata siririyar murya ce ta tsirkiya, tana hawa tana karyewa kamar mace mai kuka a ɗaka, ta ja dogo sannan ta yi rawa a ƙarshe. Ban gama gane abin da kunnena ke ji ba sai na ga Umma a bakin ƙofar kicin, ludayi a hannunta, mai na ɗiga a kan kafet. Idonta na kan akwatin amma ba shi take gani ba. Na kira ta, ba ta amsa ba. Sai da aka buga wani ƙarfe mai amo aka rufe tallar, sannan ta ja numfashi, ta share fuska da bakin ɗankwalinta, ta koma wajen albasarta da ta riga ta ƙone. Ni kuwa na san wannan kiɗan, na kuma san abin da yake kira. Goge ne.

Kafin Abba ya sami gurbin karatu ya kwaso mu, a gidan kakata muka tashi, mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Hajiya. Babban gida ne mai zaure biyu, da rijiya a tsakar gida, da turken awaki a gindin bishiyar dalbejiya. Aikina shara da safe da kai wa awaki dusa, da yamma kuma in tsince gero kafin a kai niƙa. In an gama wannan sai mu baje a ƙasa mu yi ta carafke har duwatsun su goge mana bayan hannu. Hajiya mace ce mai tsari, ba ta ɗaga murya, amma in ta kalle ka sau ɗaya sai ka tuna laifin da ka yi tun bara. A bayan katangarmu akwai gidan Ladi mai ƙosai, wadda kullum in aka aike ni sai ta ƙara mini gyara ta ce in ci a hanya. Wata rana bayan kaka, an gama shigo da amfanin gona, muka ji goge da kiɗan ƙwarya daga gidan nata. Muka kifa turmi muka hau muna leƙe. Abin da na gani ya daɗe bai bar ni na yi barci ba. Ladi ce a tsakiyar fili, ta yi tsalle sama ta dawo ta faɗi da mazaunanta a kan busasshiyar ƙasa, idanunta sun juye, muryarta ta koma ta ƙato. 'Yarta ƙarama ta rarrafa ta kama ƙafarta tana kuka, Ladi ko kallonta ba ta yi ba. Sai can da aka rufe ta da zane ta yi ta atishawa, wata babbar yarinya da ke kusa da ni ta raɗa mini cewa sun tafi ke nan, da atishawa suke fita. Ban sauko daga turmin da kaina ba, Hajiya ce ta sauko da ni ta kunne. "Goge kiran iska ne," in ji ta. "Duk inda aka goga shi sai sun zo."

Tun daga ranar na fara lura da wani abu a gidanmu. Duk lokacin da rediyo ya saka goge, Hajiya takan ce a kashe, sannan ta waiwaya wajen Umma. Ita kuma Umma ko me take yi sai ta ajiye, ta shiga ɗaki ta saki labule, in ta fito idonta ya yi ja. Ba wanda ya gaya mini komai, ni ma ban tambaya ba, don irin waɗannan ba a kama sunansu, mutanen ɓoye ake cewa. Da kaina na haɗa wannan da wancan na yanke hukunci: Umma na da iska, Hajiya ta sani, shi ya sa take tsare ta. Ranar da muka hau jirgi, ina leƙen ruwan teku ta taga, da abu ɗaya na rarrashi zuciyata, wato iska ba za ta iya ƙetare wannan ruwan ba. Ashe tuni ta riga mu isowa, tana jiranmu a cikin tallar kayan miya na mutanen Sin.

Gidan da muka kama a Moss Side ƙarami ne, a cikin jerin gidajen jan bulo da ke manne da juna, in maƙwabci ya yi tari sai ka ji kamar a ɗakinka ne. Tsakar gidan ba ta wuce shimfiɗar tabarma biyu ba, ba rijiya ba akuya, sai kwandon shara da igiyar shanya da kaya ba sa bushewa a kanta. A hagunmu akwai wata tsohuwa 'yar Jamaika, Misis Gulorya, mai son gaisuwa ta kan katanga. Abba yakan hau bas tun da duhun safiya ya tafi jami'a, ba ya dawowa sai mun ci abinci. Ni an sa ni makaranta, kuma cikin 'yan watanni bakina ya kama Turancin unguwar har Abba na cewa shi ma sai ya kasa kunne yake gane ni. A filin makaranta na koyi tsallen igiya da wasan zane a ƙasa, na gwada koya musu carafke da tsakuwa malama ta hana, wai kar mu fasa wa wani ido. Umma ce aka bari a gida ita da Sadiku da talabijin. Turancinta bai wuce gaisuwa da godiya ba, amma tun safe take kunna akwatin, ya yi ta surutu shi kaɗai tana aikinta. Tallar nan kuwa ba ta da lokaci. Takan zo a tsakiyar labarai, takan zo ana wasan girki, wani lokaci a yini guda ba a ji ta ba, wani lokaci ta zo a jere. Duk sanda ta zo, sai Umma ta bar abin da take yi ta fito ta tsaya.

Tsorona na farko shi ne wata rana Umma za ta kalle ni kamar yadda Ladi ta kalli 'yarta. Na biyu a Birmingham na samo shi. An yi suna a gidan wani abokin Abba a Erdington, mutanen Gana ne, matarsa Anti Memuna 'yar Zangon Kumasi ce, mai faɗin fuska da Hausar da ba ta raba mace da namiji. Muka hau doguwar mota muka je. Mata sun cika kicin ana kwasar shinkafa da wake da wani baƙin yaji mai daɗi, ni kuma an sa ni jera cokula. A nan na ji Anti Memuna na ba da labarin wata mata da ba ta faɗi sunanta ba. "Matar nan ya faɗi a cikin shop, yana magana shi kaɗai," in ji ta. "Kafin la'asar council, hukumar gari, ya zo ya kwashe yara duka. Ƙasar nan ba ya wasa da wannan." Matan suka yi ta salati suna jinjina kai, wata ta ƙara da cewa ai ko hayaniya maƙwabta suka ji sai su buga waya. Ban san ko labarin gaskiya ne ko ƙarin gishiri ba, har yau ban sani ba. Abin da na sani shi ne na kalli Umma tana dariya da jariri a hannunta, na kalli Sadiku yana lasar yatsa a ƙarƙashin tebur, sai na ture kwanon shinkafata gefe. A hanyar dawowa kowa ya yi barci a mota ban da ni.

Daga nan na ɗaura yaƙi da talabijin. Na ɓoye rimot a cikin takalmin Abba na sanyi. Na koyi zare wayar daga bango in ce wuta ce ta ɗauke, abin da ba ya faruwa a ƙasar. Kafin in tafi makaranta nakan karanta Ayatul Kursiyyu in tofa wa akwatin, har gilashinsa ya yi dabbare-dabbare Umma ta yi ta mamakin abin da ke ɓata shi. Na gwada ce wa Abba malaminmu na Islamiyya ya ce kallo ba kyau, ya yi dariya ya ce to malama, a bar wa Ummanku ta koyi Turanci. Gaskiyar kuwa ban iya gaya masa ba, gani nake in na furta ta da bakina to na kira su da kaina. A aji hankalina na kan ƙofa, duk wanda ya shigo da takarda a hannu sai gabana ya faɗi, in ce shi ke nan an zo ɗaukata. Malamarmu ta taɓa durƙusawa a gabana ta tambaye ni ko lafiya a gida, na ce lafiya lau da sauri har na ba kaina tsoro. In ina gida kuwa, da na ji tsirkiyar nan ta ɗaga murya sai in yi tsalle in kashe. Sau da yawa Umma kan ce, a hankali, ba tare da ta dube ni ba, "Hauwa'u, bar shi mana." Wannan taushin muryar ya fi komai razana ni, don Umman da na sani in tana son abu umarni take bayarwa. Na ɗauka ba ita ke roƙona ba.

Abin ya fashe ne a hutun tsakiyar zango, wata rana da azahar, ana yayyafin nan na Manchester da ba ya jiƙa mutum sosai kuma ba ya ɗaukewa. Ina sama ina ninke kaya na ji kiɗan. Kafin in sauko matakala an gama tallar, amma abin da na tarar ya fi tallar muni. Umma ce zaune dirshan a ƙasa dab da akwatin, idonta a rufe. Yatsun hannunta na hagu suna motsi a iska, hannun dama na kai da komowa, kanta na rangaji, tana wani irin gunji a maƙogwaro da ban taɓa ji daga bakinta ba. Sadiku na jan zanenta, ba ta ma san yana yi ba. Na ce yau sun zo. Sai na tuna a gidan Hajiya an taɓa yi wa wata yarinya hayaƙi da habbatussauda da barkono da ta faɗi a makarantar allo. Na shige kicin, na ɗora kasko a kan murhun gas ba mai ba ruwa, na zuba habbatussauda, na dumbuzo dakakken barkonon da Umma ta taho da shi daga gida, wanda take ɗiba da bakin cokali saboda ƙarfinsa, na watsa. Da hayaƙin ya tashi na ɗauko kaskon da hannu biyu na fito falo, ina zagaya kanta da shi, ina karanta duk abin da na haddace, hawaye da majina na zuba. Umma ta buɗe ido a firgice, ta shaƙa, sai atishawa, ta sake, ta sake. Wallahi a wannan lokacin daɗi na ji, na ce alhamdulillahi sun fita.

Murnar ba ta je ko'ina ba. Ƙararrawar hayaƙi da ke manne a rufin falo ta ɗauki ihu, ta sama ma ta amsa. Sadiku ya shiɗe da tari, Umma ta fizge kaskon ta jefa a wurin wanke-wanke, ta shiga buɗe tagogi tana tari kamar ƙirjinta zai tsage. Misis Gulorya ta ga hayaƙi na fita ta taga, ta ji kukan yaro, ta yi abin da kowane maƙwabcin kirki zai yi, ta buga waya. Da na ji jiniya ta shigo layinmu, na ga shuɗiyar fitila na haska labule, sai maganar Anti Memuna ta dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Garin neman gira na rasa ido, ni da kaina na kira su. Na ja Sadiku muka shige ɗan lungun da ke ƙarƙashin matakala, cikin takalma da tsintsiya, na toshe masa baki da tafin hannuna. Ina jin takun manyan takalma a falo, da muryoyin maza, da Umma tana ta maimaita ɗan Turancin da ta iya. Sai na ji ta kira sunana, muryarta a dishe. Ba ta da mai yi mata tafinta sai ni, don haka dole na fito.

'Yan kwana-kwana ne, manya-manya, idanunsu sun yi ja suna tari su ma. Ɗaya ya durƙusa ya tambaye ni abin da ya faru. Umma ta dubi kaskon, ta dube ni, ta ce, "Ki ce masa ni ce. Girki na ɗora na manta." Na faɗa masa haka. Ya tambaya ko mamana lafiyarta ƙalau, ko ta saba irin wannan mantuwar. Nan fa bakina ya ɓalle. Na ce lafiyarta ƙalau, kullum tana yi mana wanka, kullum muna cin abinci, ita ke raka ni makaranta, ba ta taɓa faɗuwa a kanti ba, ba ta magana ita kaɗai, don Allah kar su tafi da mu. Mutumin ya dube ni, ya cire hular kwanonsa ya ce su wuta suke kashewa, ba sa ɗaukar yara, kuma tun da yake aikin nan bai taɓa haɗuwa da barkono mai faɗa irin wannan ba. Suka duba kicin, suka duba ƙararrawar, suka fita suna share ido. Na tsaya a bakin ƙofa riƙe da hannun Sadiku har motar ta sha kwana, ban yarda sun tafi ba sai da na daina jin ƙararta.

Umma ba ta doke ni ba, da ta doke ni ma da na fi samun sauƙi. Ta sa mana rigunan sanyi, muka zauna a kan dakalin ƙofar baya muna jiran gidan ya sha iska. Ta tambaye ni dalili, na kwashe komai na gaya mata, tun daga Ladi da turmi har zuwa kicin ɗin Anti Memuna. Sai ta ce mini mahaifinta, wanda ya rasu kafin a haife ni, wanda ban taɓa jin an ambaci sana'arsa ba, mai goge ne. Yakan yi wa manoma kiɗa, ya yi a gidan biki, in 'yan bori sun kira shi ma yakan je, don da shi ya ciyar da su. Da kansa yake ɗaure izgar doki ya ja fata a kan ƙwarya, ita kuma tana zaune a gefensa tana riƙe masa. In ta ƙi cin tuwo tana ƙarama, akwai wani ɗan take da yake goga mata har sai ta buɗe baki. Da aka zo neman aurenta, gidan su Abba gidan malamai ne, aka karɓe ta da sharaɗin a binne wannan zancen. Shi ya sa Hajiya ke waiwayarta in rediyo ya yi goge, shi ya sa ita kuma take shiga ɗaki.

"A gidan Hajiya ban isa in tsaya in saurara ba," in ji ta. "A nan kuwa wa ya san ni? Ban san me suke sayarwa ba, Hauwa'u. Amma wanda ke goga abin nan, hannunsa irin na Baba ne. Shi nake jira tun safe."

Na tuna rimot a cikin takalmi, da wayar da nake zarewa, da duk ranar da na yi tsalle na kashe tana cewa in bari. Na sa kaina a cinyarta na yi kukan da ya fi na ɗazu, ita kuma tana shafa kaina tana gunjin nan a hankali, wanda yanzu na gane taken cin tuwo ne. Daga ranar aikina ya juya. In ina falo na ga baƙin kaskon nan ya bayyana, sai in ƙwala mata kira in ƙara murya, ta fito da gudu hannu duk kumfa, mu tsaya mu uku mu yi tsit. Ko Sadiku ya koya, da ya ji tsirkiyar sai ya ce ga kakanmu nan. Abba ya ji labarin hayaƙin ya yi faɗa, da ya ji sauran kuwa, bayan 'yan kwanaki sai ga shi da jar kwalbar a leda, ya ce ya karanta bayanta babu abin haramun a ciki. Umma ta ɗanɗana a bakin cokali ta yatsine fuska, ta ce daddawa ce da ba ta sami tarbiyya ba. Duk da haka ba ta zubar ba, ta ajiye ta a kan taga. Da sanyi ya wuce aka daina saka tallar, aka kawo wata mai kiɗan zamani. Umma ta ci gaba da kunna akwatin tun safe har tsawon wani lokaci, sannan ta daina.

Yanzu ni ke zaune a Erdington, ba nisa da gidan da na jera cokula. Mun koma gida bayan Abba ya gama karatu, can Allah Ya yi wa Umma rasuwa, ni kuma daga baya na dawo. Na girma na san cewa abin da muka ji ba goge ba ne, wani abin kiɗa ne na mutanen Sin mai tsirkiya biyu, kuma wanda ya goga shi bai taɓa jin sunan garinmu ba. 'Ya'yana a waya suke neman duk kiɗan da suke so, su ji shi a take, in talla ta zo su danna ta wuce ba su ko ɗaga kai ba. Na nemi waccan tallar a wayar har na gaji, ban same ta ba. Akwai jar kwalba a kan tagar kicin ɗina, ba na yawan girki da ita. Wani lokaci ina soya albasa sai in ji kaina ina gunjin nan, 'yata ta leƙo ta tambaye ni ko lafiya. Nakan ce mata ta zo ta zauna ta ji, na kakan mamanta ne. Ni dai ba na bari ta yi irin zaton da na yi.